Dangin Malam Matsakaici a Cikin Jadawali

A bene na biyu na cibiyar binciken lafiya, ɗaki na ƙarshe kafin a kai banɗaki, nan Malam Matsakaici ya shekara goma sha biyu yana zaune. Sunan ba na yanka ba ne. Abokan aiki ne suka liƙa masa, don ba a taɓa yi masa tambaya ya ba da amsa kai tsaye ba. Ko lafiyar iyali ka tambaye shi, sai ya ɗan karkata kai ya ce, "To, a matsakaici dai, lafiya lau." A gabansa Malam ake ce masa, sai ya ba da baya a ƙarasa sauran.

Duk wata, ƙananan asibitoci ashirin da wani abu suna aiko wa cibiyar bayanan masu hawan jini da ciwon suga. Malam ya zuba su cikin manhajar ƙididdiga, ya danna, rahoto ya fito. Umarnin da ke yin wannan aikin shi ya rubuta shi da hannunsa, layi dubu biyu da ɗoriya, kuma babu layi ko ɗaya a ciki da zai gaya maka abin da ake yi, balle dalilin yinsa. Ba mantuwa ba ce. Tun yana sabon ma'aikaci ya lura cewa wanda kowa ya gane aikinsa shi ake fara yi wa sallama, sai ya ɗauki matakinsa da wuri.

Babbar dabararsa tana wajen raɗa suna. A jadawalin bayanai, kowace tambaya da aka yi wa majinyaci tana da gidanta daga sama har ƙasa, kuma sai an sa wa gidan suna kafin manhaja ta san da shi. Masu sauƙin kai sukan rubuta "nauyi" a kan gidan nauyi, su rubuta "shekaru" a kan gidan shekaru, su tafi cin abinci. Malam kuwa danginsa ya kwaso kaf ya zuba. Gidan nauyi sunansa goggo, domin goggonsa, Allah ya ƙara mata lafiya, sai da aka faɗaɗa mata ƙofar ɗaki. Awon jini kawu ne, mutumin da ko gaishe shi ka yi da ƙarfi sai ransa ya ɓaci. Tsawo yaya, shekaru kaka, suga kuwa inna, mai zuba cokali biyar a kofin shayi tana cewa bai ji ba. Gida arba'in da biyu, kowanne da mai shi. Da dangi suka ƙare sai ya shiga maƙwabta da abokai.

Saboda haka duk wanda ƙarambani ya kai shi buɗe fayil ɗin Malam, abin da zai tarar shi ne umarni cewa a raba goggo da yaya sau biyu, a ware duk kakar da ta haura arba'in, a ga yadda kawu zai yi. Mutum uku sun gwada a tsawon shekarun nan. Dukansu sun rufe fayil ɗin a hankali, sun ƙara girmama shi.

Ana nan sai aka yo wa wata mata canjin wurin aiki zuwa sashensa. Dakta ake ce mata, ta ba arba'in baya, tana rataye tabarau da igiya a wuya, kuma ba ta da yawan magana. Aka ajiye mata tebur a bayan nasa, ta yadda in ta ɗaga kai allon kwamfutarsa take gani. A satinta na biyu ta liƙa wata takarda a bango kusa da firinta. Malam ya tsaya da kofin shayi a hannu yana karantawa da ƙarfi, don masinja da akawu su ma su amfana.

"Kada ka gyara ɗanyen bayanai da hannu, ka yi gyaran a cikin umarni yadda za a ga sawunka. Madalla. Ka sa wa kowane gida sunan da baƙo zai gane. To, baƙo kuma me ya kawo shi? Kafin ka lissafa komai, dubi adadi mafi ƙanƙanta da mafi girma a kowane gida. Ka rubuta dalili a saman kowane sashe, don wanda zai karanta bayan wata shida kai ne, kuma ba za ka tuna ba." Ya juyo yana murmushi. "Dakta, wannan ai na 'yan koyo ne."

"Don kaina na rubuta, Malam," ta ce, ba ta ma daina bugun da take yi ba. "Kaina ba ya riƙe abu."

Tausayinta ya kama shi har zuciya. Mace da digiri uku, amma sai ta rubuta wa kanta wasiƙa kafin ta tuna aikin da ta yi jiya.

Ranar wata Litinin Darakta ya kira su ofishinsa su biyu. Ya ce ma'aikatar lafiya ta aiko da sabon tsari: sashen ƙididdiga mutum ɗaya zai riƙe shi, ɗayan kuma zai sauka ɗakin ajiyar takardu. Kowa a cibiyar ya san ɗakin nan. A ƙasan bene yake, babu taga, fankarsa tana juyawa ne kawai don kada a ce ba ta aiki. Sannan ma'aikatar tana so, kafin azahar ɗin Alhamis, a faɗa mata yadda halaye huɗu suke shafar hawan jinin matan da suka haura arba'in: shan taba, barci, cin gishiri da motsa jiki.

"Malam zai yi lissafin, tunda shi ya san kan abinsa, Dakta ta duba," in ji Darakta. "Ba gasa ba ce, ku fahimce ni."

Sun fahimce shi sarai. Malam ya fito yana jin iska a ƙirjinsa. Ranar da ya shekara goma sha biyu yana yi wa tanadi ce ta zo, kuma ta same shi a shirye.

Ya koma teburinsa ya gangara can ƙasan fayil, inda sashen halaye yake. Sau ɗaya ya taɓa amfani da sashen, tun shekarar farko, bai sake leƙa shi ba. Gidaje huɗu suka bayyana: maƙwabci, ɗan baffa, suruki, amini. Ya dube su, su ma suka dube shi.

Maƙwabci bai ba shi wahala ba, don har yau mutumin yana fita gudu da sassafe da gajeren wando, unguwa tana kallo. Motsa jiki ke nan. Ɗan baffa ma ya tuna shi, mai barbaɗa gishiri kafin ya ɗanɗana miya. Saura suruki da amini, saura taba da barci. A nan kan Malam ya tsaya cak. Ya tashi ya haɗa shayi, ya dawo, ya goge tabarau, ya sake dubawa. Ya kasa tuna wanne ne wanne.

Hanyoyi biyu suna gabansa, kowacce ba ta fi minti biyar ba. Ta farko, ya buga layi ɗaya ya ga adadin da ke cikin gidajen. Amma wannan ita ce shawara ta uku a takardar bango, kuma mai takardar tana zaune a bayansa, allonsa a saitin idonta. Ta biyu, ya sauka ya ɗauko tsohuwar takardar tambayoyin da ake cike wa majinyata. Takardun kuwa suna ɗakin ƙasa, kuma Malam ya rantse a ransa ba za a gan shi a bakin ƙofar nan ba a satin nan, kada masinja ya ce ya je auna wurin da zai sa teburinsa. Don haka ya zaɓi hanya ta uku, ya tafi gida da wuri.

Ya tarar da uwargidansa a falo tana gugar kayan makarantar yara. Ya zauna, ya yaba kyan gugar, abin da bai taɓa yi ba, har ta ɗago ta dube shi.

"Wai ni kam," ya ce, kamar maganar ta faɗo masa ne yanzu, "yayanki, can baya, kamar shekara goma sha biyu haka, wane hali ne nasa na fi yin ƙorafi a kai?"

Ta ajiye dutsen guga a tsaye. "Me Yaya ya yi maka kuma?"

"Babu komai. Tunawa kawai nake yi."

"Tunawa. Mutum yana zaman zamansa, sai ka tashi daga ofis da rana tsaka ka zo tuna laifinsa na shekara goma sha biyu? Malam, Yaya bai taɓa yi maka komai ba sai alheri. In kuma lissafin dangi za a buɗe, bari in gama rigar nan mu fara da kawunka."

Ya yi saurin sauya hanya. "To marigayi fa, aminina? Kin tuna ko yana ɗan taɓa shan wani abu?"

"Allah ya jiƙansa," ta ce, ta ɗauki dutsen gugarta. "Mutum yana kabarinsa shekara shida. Ba da bakina ba."

Haka ya kwana biyu yana juya maganar shi kaɗai. Surukin nasa, yayan matarsa, a yau hayaƙi yake tashi ta ko'ina a jikinsa, in ya ziyarce su sai an buɗe tagogi kwana guda. Amini kuwa mutuwa ta wanke shi tas a zuciyar Malam. Duk lokacin da ya tuna shi, fuskar nan mai natsuwa yake gani, da yadda ya raka shi asibiti ranar haihuwar 'yarsa ta fari, da dariyarsa. Ya yi kewarsa sosai a kwanakin nan biyu, har ya ji kunyar cewa ya taɓa zarginsa da taba. Ranar Laraba da hantsi ya yanke hukunci: suruki taba ne, amini barci.

Ya danna, manhaja ta yi abin da aka sa ta, ba ta tambayi kowa komai ba. Malam bai dubi komai ba sai jadawalin ƙarshe, wanda ke nuna abin da ke ɗaga jini da abin da ke saukar da shi. Gishiri yana ɗagawa, motsa jiki yana saukarwa, duk daidai. Sai kuma ga shi ɓaro-ɓaro: yawan suruki yana saukar da kawu, yawan amini yana ɗaga shi. Wato mace in ta ƙara shan taba jininta ya sauka, in ta ƙara barci ya hau.

Wani abu ya ɗan sosa masa rai, ba za a ce bai sosa ba. Amma mata dubu goma sha ɗaya ne a cikin lissafin, kuma ya sha gaya wa mutane cewa adadi ba ya ƙarya. Kafin la'asar sosawar ta rikiɗe ta zama wani abu mai daɗi. Wa ya sani, ko shi ne aka ƙaddara zai gano abin da likitocin duniya suka tsallake? Ya fara sakin layin da "Abin mamaki shi ne", ya buga rahoton, ya jira Dakta ta fita wanke hannu, ya kai wa Darakta da kansa. Dubawa ai sai aikin da ake shakka.

Ranar Alhamis da safe aka sake kiransu. Darakta, wanda likita ya raba shi da taba shekara biyu da suka wuce kuma bai yafe wa likitan ba, ya karanta shafin sau uku. Ya miƙa wa Dakta yana kallonta da wani irin fata.

Ta sa tabarau ta karanta. "Malam, ko zan iya ganin kwamfutar?"

Ya tura mata kwamfutar da ya shigo da ita. Ta nemi gidajen biyu, ta buga layi ɗaya tak, ta juyo da allon yadda kowa zai gani.

"Wannan gidan da aka ɗauka taba ne, mafi ƙanƙanta a cikinsa uku, mafi girma goma sha biyu. Wato a cikin mata dubu goma sha ɗaya babu ko ɗaya da ba ta sha. Har 'yan shekara tamanin, kara bakwai a rana." Ta matsa ƙasa. "Wannan kuma na barci, tara cikin goma sifili ne, ba sa runtsawa sam. Ga wata baiwar Allah kuma tana barcin awa arba'in a rana."

Ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi wa Malam ciwo. A daidai lokacin, da babu sauran amfani, tunawa ta zo masa gaba ɗaya. Ya ga surukinsa shekara goma sha biyu baya, lokacin da ya rasa aiki ya tare a gidansu wata huɗu, miƙe a doguwar kujerar falo yana munshari har rana ta take, ko warin taba bai sani ba tukuna. Ya ga amininsa, Allah ya jiƙansa, a bayan ɗakin karatu, yana kunna wani karan da wutar wani.

Darakta ya sauke ajiyar zuciya, ya janye rahoton daga gabansa. Sai kuma ya ƙura wa allon ido.

"Malam, wane ne suruki?"

"Ranka ya daɗe, suna ne kawai na aiki."

"Goggo fa? Ga kawu, ga inna. Taron suna ake yi a cikin bayanan ma'aikata?" Sai wani tunani ya zo masa. "Ni ma ina ciki?"

"Haba, ranka ya daɗe."

Idon Dakta yana kan gida na goma sha tara, wanda aka rubuta wa "mai kujera", kuma adadin cikinsa ya yi kama da awon faɗin ƙugu. Ta matsar da allon gaba. Malam ya gani, ya kuma san ta gani.

Ita ta sauka ɗakin ƙasa, ta dawo da takardar tambayoyi guda ɗaya da ta yi ja don tsufa. Ta ajiye ta kusa da allo. Tambaya ta ɗaya, gida na ɗaya. Tambaya ta biyu, gida na biyu. Ashe Malam, da duk dabararsa, a jere ya zuba dangin nasa yadda tambayoyin suka zo. Kafin azahar an gyara rahoton an aika, taba ta koma ɗaga jini kamar yadda ta saba. Kafin a tashi daga aiki Dakta ta fassara sauran gidajen a takarda ɗaya. Katangar da ya shekara goma sha biyu yana ginawa ba ta kai yini guda ba.

Darakta bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Kiran Malam ya yi shi kaɗai, ya ba shi kujera, ya ce ɗakin ajiyar takardu yana bukatar mutum mai dogon tarihi a cibiyar, wanda ya san darajar tsofaffin abubuwa. Malam ya ce ya gode. Ya ji kansa yana ƙara cewa ya gode ƙwarai.

Washegari yana zuba kayan teburinsa a kwali, kofi da kalanda da wayoyin caja da suka daina aiki, sai Dakta ta jawo kujera ta zauna kusa da shi da takardarta.

"Malam, ka yi haƙuri in dame ka. Arba'in da ɗaya na gane su. Na ƙarshen ne ba ya cikin takardar tambayoyi." Ta nuna masa a allo. "Sunansa 'ni'. A layuka ɗari uku da sha huɗu na farko an sa ɗaya, ɗaya, ɗaya. Daga nan har ƙasa babu komai."

Ya sunkuya ya duba. Wannan bai sha wahalar tuna shi ba. Shekararsa ta farko ce, lokacin da yake hawa motar haya da kansa ya je asibitocin nan, ya zauna a benci da matan, takarda a gwiwa, yana tambayarsu ko abin da aka rubuta shi ne abin da suka faɗa. Akwai wata tsohuwa da aka rubuta mata shekara talatin, ta yi ta dariya har ta riƙe ciki, ta ce a bar mata haka. Duk wadda ya tabbatar da bayaninta da idonsa, sai ya dawo ya sa mata ɗaya a gidan nan. Yana son aikin a lokacin, so na gaske. Bai san ranar da ya daina zuwa ba. Ya dai san a wajajen nan ne ya fara tunanin yadda za a kasa rabuwa da shi.

"Me zan rubuta a gabansa?" ta tambaya.

"Rubuta, waɗanda na duba da idona."

Ta rubuta. Ta gangara da allon, fararen gurabe suna ta wucewa, dubu bayan dubu, har ta gaji ta tsaya. Ba ta dube shi ba, kuma ya gode mata a ransa.

"In bar shi, ko in cire?"

"Gwada cirewa," ya ce. "Mu ga ko wani abu zai motsa."

Ta yi kwafin fayil ɗin tukuna, sannan ta cire gidan, ta rufe manhajar ta sake buɗewa, ta saki umarnin tun daga layin farko. Suka zauna suna kallon layuka dubu biyu suna wucewa. Malam ya kama kansa yana addu'ar a samu ja a allon, ko kuskure ɗaya, ko ɗigo ɗaya ya kauce daga wurinsa. Rahoton ya fito. Dakta ta jera shi da na jiya, ta bi su da yatsa har ƙasa, adadi bayan adadi.

"Daidai suke," ta ce a hankali.

Malam ya gyaɗa kai. Ya rufe bakin kwalinsa, ya ɗauka, ya tambaye ta ko ta san wanda ke riƙe da makullin ɗakin ƙasa.